Ranar Hutu a Gidaje Goma Sha Ɗaya: Littafin Aikin Makonni Takwas

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Rukunin addu'a na unguwarmu a nan Jos ya tsayar yau cewa za a gwada kiyaye ranar hutu ta awa 24 kowane mako, har makonni takwas, a kuma rubuta duk abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi. Gidaje 11 suka shiga, mutum 58: manya 27, yara 24, sai 'yan aikin gida da masu koyon sana'a su 7. Akwai gidan malaman makaranta biyu, na ma'aikatan gwamnati biyu, na ma'aikaciyar jinya, tela, mai shagon kayan masarufi, mai POS, mai Keke Napep, mai kiwon kaji da mai gadi.

Hutun zai fara ƙarfe 6 na yammar Asabar, ya ƙare ƙarfe 6 na yammar Lahadi. A Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 1 da maraice take fara lissafin rana, kuma hakan ya dace da yadda gida yake tafiya. Wanda ya kwana ƙarfe ɗayan dare yana guga ya riga ya ɓata Lahadinsa, wanda kuma hutunsa ya ƙare da yamma yana da sauran lokacin shirya kayan makarantar yara na Litinin. Lahadi muka ɗauka domin ita ce ranar da ikkilisiya take taruwa tun zamanin manzanni, kamar yadda Ayyukan Manzanni 20:7 ya nuna. Maƙwabtanmu 'yan Adbentis suna kiyaye tasu daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, babu gardama tsakaninmu a kan wannan.

Abubuwa huɗu za a ajiye: aikin neman kuɗi, cefane, wanki da guga, da latsa waya. Abin da za a riƙe shi ne sujada, cin abinci tare, barci da ziyara. Aikin jinƙai da larura ba ya cikin hani. An ba kowane gida takarda mai layi ɗaya ga kowane mutum, har yarinyar gida da yaron shago, a riƙa rubuta awannin da ya yi yana aiki a cikin awa 24 ɗin. Makon farko kada kowa ya canja kome, a auna kawai. Kuɗin buga takardu: naira 2,200.

Lahadi, 12 ga Janairu

Takardu goma suka dawo, ɗaya ta ɓace. Maza manya sun yi aiki kusan awa uku da rabi kowannensu, mata awa takwas, 'yan aiki da masu koyon sana'a awa goma. Mafi yawan maza sun ɗauka gidansu yana hutawa ranar Lahadi. Takardar ta nuna su ne suke hutawa.

Aikin mata ya taru a wuri uku: dafa ruwan wanka daga ƙarfe huɗu da rabi na asuba saboda sanyin hunturu, shirya yara zuwa majami'a, sai girkin rana bayan an tashi sujada, wanda shi kaɗai yana cin awa biyu da rabi zuwa uku idan shinkafa da miya da kaza ne.

Talata, 14 ga Janairu

Nazari. An karanta dokar hutu a wuraren biyu da aka rubuta ta. Fitowa 20:8-11 ta kafa ta a kan halitta: Allah ya yi aiki kwana shida, ya huta a na bakwai. Maimaitawar Shari'a 5:12-15 ta kawo wani dalili: Isra'ila ta yi bauta a Masar, saboda haka bawa da baiwa su ma su huta kamar maigidansu. Ta lissafta ɗa da 'ya, sa da jaki, har baƙon da yake cikin gari. A gaban alƙaluman ranar Lahadi, wannan ta biyun ce ta kama mu. An amince ma'aunin gwajin shi ne layin mutumin da ya fi kowa aiki a gida. Idan yarinyar gida tana wanke-wanke iyayen gida suna barcin rana, a rubuta cewa gidan bai huta ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Shirin farko. Ga tsarin da aka bi, daga safe zuwa ƙarfe 6:

Cefane a gama kafin ƙarfe 11. Wanki tun daren Juma'a ko da sassafe, domin kaya su bushe a goge su kafin ƙarfe 3. A ɗebi ruwan da zai kai safiyar Litinin. Gida mai mutum shida yana buƙatar jarka takwas ta lita 25, wanka da girki da ban ɗaki. Gidaje biyu ba su da mazubi, sun sayi duro a naira 18,000 kowanne. Girki a fara ƙarfe 2: abincin dare, da miyar gobe. Kayan sujada na yara a jera su, takalmi da safa da kuɗin baiko a wuri ɗaya. Ƙarfe 6 a taru, a karanta Zabura 92, wadda kanta ya ce waƙar ranar Asabbaci ce, wato ranar hutu, a yi addu'a, a ci abinci.

Gidaje shida suka gama a kan lokaci. Tela bai rufe ba sai ƙarfe tara da rabi, saboda anko na bikin aure da ya yi alkawarin bayarwa. Wanda yake karɓar aiki da wa'adi, shirin hutunsa daga ranar karɓar aikin yake farawa: ya daina ba da wa'adin Asabar, ya mayar da shi Juma'a.

Lahadi, 19 ga Janairu

Babbar matsalar yau abinci ce. Gidaje uku sun dafa dafa-duka ƙarfe biyar na yammar Asabar, suka juye ta da zafinta a kula, suka rufe sai ƙarfe ɗayan rana. Biyu sun tarar ta yi yauƙi da tsami, aka zubar. A na ukun an ci, yara biyu suka kwana da gudawa.

Dalilin a fili yake. Kula tana riƙe zafi na awa huɗu zuwa shida, daga nan abincin ya sauka ya zama ɗumi-ɗumi, kuma tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salshiyos ne ƙwayoyin cuta suka fi yaɗuwa. Awa ashirin a rufe cikin ɗumi ba ƙaramin lokaci ba ne. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai ƙwayar da tafasa ba ta kashe ta, kuma gubar da take bari ɗumame ba ya kawar da ita. Sanyin Jos ya ruɗe mu, muka manta cewa cikin kula ba sanyi.

Gyara: kada a kwana da dafaffiyar shinkafa sai a firiji mai wuta. Abin da za a dafa ranar Asabar shi ne miya, soyayyen nama ko kifi. A tafasa miyar da dare, a bar ta a tukunyarta, kada a sa cokali, a sake tafasa ta da safe har ta yi ɓararraka. Tuwon da aka tuƙa ya kwana lafiya, ɗumamensa minti goma sha biyar ne. Wanda yake son shinkafa ya dafa fara bayan sujada, minti talatin, kuma wanda bai yi girkin Asabar ba shi zai dafa. Dankalin turawa da aka wanke tun jiya, a tafasa da ɓawonsa, shi ma ba ya cin lokaci.

Ruwan wanka: gidaje huɗu sun sayi babban flas a naira 14,000 kowanne, suna cika shi da tafasasshen ruwa da dare, da safe a surka wa ƙananan yara. Manya da 'yan makarantar sakandare kowa ya ɗora nasa. Wannan kaɗai ya mayar da tashin iyaye mata daga huɗu da rabi zuwa shida saura kwata.

Lahadi, 26 ga Janairu

Abinci lafiya a duk gidajen. Tela ya rufe ƙarfe bakwai. Mata awa biyar, 'yan aiki awa huɗu.

Laraba, 29 ga Janairu

Zaman yau duk a kan waya ya ƙare, domin a nan ne kowane gida ya gaza. Dokar farko cewa ta yi a kashe waya, kuma ba ta yi aiki ba. Wayar ita ce agogon tashi, ita ce tocila idan wuta ta ɗauke, a cikinta Littafi Mai Tsarki yake ga da yawa daga matasa. Mutum ya ɗauka don ya duba aya, sai ya ga saƙonni arba'in a WhatsApp, rabin awa ta tafi. Kuma akwai masu tsofaffi a ƙauye, ba za su iya rufe layi ba.

Sabon tsari: a kashe data, a bar layin kira. Wayoyi duka a kwando ɗaya a falo, da ƙarar kira a buɗe. Wanda aka kira ya amsa a tsaye kusa da kwandon, ya mayar. Abin da wayar take yi na gaskiya a ba shi wani abu: an sayi agogon ƙararrawa 9 a naira 3,500 kowanne, tocila mai caji 6 a naira 2,500 kowacce, aka fito da Littattafai Masu Tsarki na takarda. Ma'aikatan gwamnati da malamai su sanar da abokan aikinsu tun ranar Juma'a cewa ba sa ganin saƙo sai yammar Lahadi, abin gaggawa a kira.

Mai POS nasa daban ne, domin maƙwabta suna buga masa ƙofa ko ya rufe rumfa. Ya manna takarda mai ɗauke da lokutan aikinsa, ya kuma yarda zai ba da kuɗi a kan rashin lafiya ko haihuwa ba tare da karɓar caji ba. Rashin cajin ne ya raba jinƙai da ciniki.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mai keke bai huta ko sau ɗaya ba tun da aka fara, yau kuma ya faɗi dalili. Keken na biya kashi-kashi ne, naira 35,000 kowane mako, ko ya fita kwana bakwai ko shida. A kwana bakwai naira 5,000 ce a rana, a kwana shida ta zama kusan 5,830 kafin a yi maganar mai da abincin gida. Safiyar Lahadi kuma tana cikin lokutan da ya fi samu, domin masu zuwa sujada ne fasinjojinsa, har da gidaje uku na wannan rukuni. Wato hutunmu a kan kekensa yake tafiya.

An daɗe a kan wannan. Wani ya kawo labarin manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ila a jeji, a Fitowa 16, inda rabon rana ta shida yake ninkuwa. Baba dattijo ya ce gaskiya ne, amma ba daidai ba ne mai albashi ya karanta wa mai neman na yau wannan aya sannan ya koma gida ya bar shi da ita. Idan akwai ninki, ta hannun 'yan'uwa zai zo. Aka buɗe asusu, kowane gida naira 500 a mako. Za a ba mai keke naira 5,000 kowace Lahadi. Zai kai gidajen nan uku majami'a, ya shiga sujada tare da su, ya dawo da su, ya ajiye keken. Awa ɗaya da rabi ce ta tuƙi, kuma a takarda aiki za a rubuta ta. Ba cikakken hutu ba ne, amma daga awa goma sha ɗaya aka sauko.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mako mafi muni, kuma ba kasuwa ko ofis ne suka jawo shi ba. An shiga sujada ƙarfe 8, aka fito 12 saura kwata, sanarwa kaɗai ta ci minti arba'in. Daga nan taron kwamitin gini, taron Zumuntar Mata a kan babban taron da ke tafe, gwajin mawaƙa ƙarfe 3, taron matasa ƙarfe 4. A gidaje bakwai ba a zauna cin abinci tare ba. Wata uwa da take cikin mawaƙa da Zumuntar Mata ta bar gida ƙarfe bakwai da rabi, ta dawo biyar da rabi, saura rabin awa hutun ya ƙare.

Sai da aka yi gardama kafin a san yadda za a rubuta wannan. Sujada ba aiki ba ce, ita ce zuciyar ranar. Amma ƙirga baiko, rubuta rahoton taro, lissafin buhunan siminti da jera kujeru aiki ne, ko da a harabar majami'a aka yi su. A Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta, saboda masu kai da kawowa sun hana su ko cin abinci, kuma daga aikin wa'azi suka dawo. An rubuta wa dattawan ikkilisiya wasiƙa da roƙo uku: tarurrukan kwamiti su koma ranakun mako ko safiyar Asabar, doguwar sanarwa a manna ta a allo a karanta kanunta kawai, Lahadi ɗaya a wata kuma a bar ta ba wani taro bayan sujada. An ƙara roƙon a tsayar wa Baba Fasto ranar hutunsa a cikin mako, a sanar da jama'a, domin shi Lahadi ce ranar aikinsa mafi nauyi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Masu aikin karɓa-karɓa. Ma'aikaciyar jinya tana aiki Lahadi biyu a wata, mai gadi kuma kusan kowane dare. Kula da marar lafiya da tsaron rai suna cikin abin da Ubangiji Yesu ya yi da kansa ranar Asabbaci, kamar matar da ya warkar a Luka 13. Matsalar ita ce ranar da aka ba su a madadin takan tafi a wanki da kasuwa da layin banki. Tsari: da zarar jadawalin wata ya fito, a zagaye awa 24 ɗaya a kowane mako, a yi mata shiri irin na Asabar, gida kuma ya sani. Bayan aikin dare, barcin farko biyan bashi ne, lissafin hutu sai an farka yake farawa.

Mai gadi ba shi da ranar hutu ko ɗaya a wurin aikinsa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 13, ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Dattijo ɗaya zai raka shi su yi magana da mai gidan da yake gadi, cikin girmamawa. Wannan magana ta shafi gidajenmu ma: uku daga cikin 'yan aikin gida ba su taɓa samun ranar da aka ce tasu ce ba kafin wannan gwaji.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

An yi rasuwa a maƙwabta daren Asabar. Gidaje biyar sun yini a gidan makoki, mata sun yi girki, maza sun kafa rumfa. An rubuta shi a jinƙai. Sauran lafiya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Abu biyu suka lalace.

Na farko, sa ido. An ga wata uwa tana sayen maganin sauro da burodi da rana, magana ta zaga har ta dawo mata, gidan ya ce zai fita daga rukunin. Laifin na tsarinmu ne: ana karanta takardar kowane gida a gaban kowa, ta zama allon jarrabawa. An karanta Markus 2:27, cewa domin mutum aka yi Asabbaci, da Kolosiyawa 2:16 da Romawa 14:5-6, waɗanda suka hana a hukunta ɗan'uwa a kan rana. Daga yau takardu suna zuwa wurin mutum ɗaya, jimla kawai yake kawowa, ba sunan gida. Wadda ta ɗauki maganar ta je ta ba da haƙuri. Gidan ya zauna.

Na biyu, yara. An ɗauke waya da talabijin ba a ba su kome ba, daga ƙarfe 2 zuwa 5 sai faɗa da kuka, iyaye mata kuma su ne masu raba gardama. Ranar da yaro ya sani da hani kaɗai, zai tsane ta. Abin da ya yi aiki a gidaje biyu shi za a yaɗa: awa ɗaya ta shiru bayan abinci, kowa a shimfiɗarsa ko da ba zai yi barci ba, sannan a fita. Tafiya a ƙasa zuwa duwatsun bayan unguwa, ƙwallo, dara, ludo, ko ziyarar kaka. A ajiye wani abin daɗi da ba a ci sai ranar, ko da soyayyar gyaɗa ce da zoɓo. Iyaye maza ne za su fita da yaran, gidaje biyu-biyu suna karɓa-karɓa.

Zafi ya fara shigowa, miyar da ta kwana a tukunya yanzu sai an tafasa ta sau biyu, dare da asuba, ba fashi.

Lahadi, 2 ga Maris

Lahadi ta takwas. Dattawa sun amsa: kwamitin gini da na kuɗi sun koma Alhamis da yamma, Lahadin farko ta kowane wata ba taro bayan sujada, an fara yau. Sanarwa ba su yarda a taƙaita ba, domin tsofaffi da yawa ba sa karatu, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. An tsayar wa Baba Fasto Litinin. Mai gadi ya samu dare ɗaya a mako, Talata.

Alƙaluman yau: maza awa biyu da rabi, mata awa uku, 'yan aiki da masu koyon sana'a awa ɗaya. Na maza bai sauka sosai ba domin sun ɗauki ɗumame da wanke-wanke da yara, kuma haka ake so. Gidan mai kaji ne ya fi kowa, awa huɗu, domin kaji 300 ba su san Lahadi ba. Ya rage abin da zai ragu: awon abinci a bokitai da kwashe kashi ranar Asabar, ranar hutu sai ba da abinci da ruwa da tsince ƙwai sau biyu. Sayar da ƙwai sai Litinin.

Alhamis, 6 ga Maris

Lissafi. Takardu 2,200, duro 36,000, flas 56,000, agogo 31,500, tocila 15,000, jimla naira 140,700, kowane gida ya biya nasa. Asusu ya tara 26,500 a makonni biyar, domin gidaje biyu sun tsallake mako ɗaya. An ba mai keke 20,000, saura 6,500. Gidaje tara sun ce za su ci gaba, biyu suna so su yi tunani.

Mataki na gaba daga 16 ga Maris zuwa ƙarshen Yuni. Gudummawar asusu za ta koma naira 700, domin mai shago ya nuna cinikin Lahadi da ya bari yana taɓa kuɗin hayarsa. Gida ɗaya mai firiji da sola ya yarda ya ajiye wa gidaje uku miya a watannin zafi, a robobi masu suna, a kawo kafin ƙarfe 6 na Asabar.

Babban abin da ke gaba shi ne damina. Gidaje shida suna da gona, kuma ma'aikata ba su da lokacinta sai ƙarshen mako. Dokar da Sarki Kwanstantin na Rum ya kafa a shekara ta 321 ta sa alƙalai da masu sana'a na birni su huta ranar Lahadi, amma ta bar manoma su yi aikinsu, domin ranar shuka ba ta jira. Fitowa 34:21 kuwa ta ce a huta har a lokacin huɗa da lokacin girbi. Rukunin ya zaɓi ya bi Fitowa, da sanin cewa sai an haɗa hannu zai yiwu: gayya kowace Asabar daga ƙarfe 6 na safe zuwa 2 na rana, gona ɗaya a mako, a bi da bi, wanda kuma ya ɗauki 'yan ƙwadago kada ya tura su gona ranar Lahadi. Za a yi ƙuri'ar jerin gonaki a zaman 20 ga Maris, kowa ya zo da girman gonarsa da abin da zai shuka.